Faifan The African Beat na Art Blakey: gangar tana magana ko ƙara kawai take yi?

Baba Mai Garmaho:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya ina kakkaɓe kwalayen faya-fayaina saboda laimar damina, sai hannuna ya faɗa kan wani da na daɗe ban ɗora ba, The African Beat na Art Blakey. Na sa shi bayan isha'i, na ji fuska ta ɗaya, na juya ta biyu, na sake komawa farko. Yau kwana biyar ban ɗora wani ba.

Ga wanda bai san mutumin ba: Blakey makaɗin ganga ne a salon kiɗan Amurka da ake kira jazz, baƙar fatar Amurka, an haife shi a Pittsburgh a 1919, ya rasu a New York a 1990. Shi ne uban ƙungiyar Jazz Messengers, ya riƙe ta fiye da shekara 30, yana ɗaukar samari yana horar da su har su tashi su kafa nasu. Wannan faifan kuwa ba da ƙungiyar ya yi shi ba. Ranar 24 ga Janairu 1962 ya tara mutum tara, shi na goma, a ɗakin ɗaukar murya na Rudy Van Gelder da ke New Jersey, suka gama a rana ɗaya, kamfanin Blue Note ya fitar. Babu piyano a ciki sam. Akwai Yusef Lateef mai busa, akwai Ahmed Abdul-Malik mai kaɗa bes, wato babbar gogen nan ta tsaye da ake tsinka da yatsa. Sauran duk masu duka ne. Har Curtis Fuller, wanda duniya ta san shi da busa tarambon, ranar ajiye ta ya yi ya kama timfani, manyan gangunan tagulla masu kama da tambari. Sai kuma Solomon Ilori, Bayarabe daga Najeriya, shi ne mai waƙa, shi ne mai gangar da ke magana, kuma yawancin waƙoƙin nasa ne.

Abin da nake so mu tattauna: mu da muka tashi cikin kalangu da kotso da taushi, me kunnenmu yake ji a wannan faifan? Ni dai ina ganin yana cikin ayyukan Blakey mafi daraja, ko da yake masu jazz ba su cika ambatonsa ba. Ina jiran ra'ayinku.

Abba Ɗan Situdiyo:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Ni Moanin' kawai na sani a cikin aikinsa, na 1958. Yanzu na nemo wannan a waya, zan sa abin kunne in ji sosai kafin in ce komai.

Jikan Makaɗa:
Baba, ka yi mini afuwa, ni na ji shi tuntuni kuma bai shige ni ba. Bari in faɗi dalili, kada a ce ƙiyayya ce.

Gidanmu kalangu ake kaɗawa tun kakan kakana, na mahauta. A wurinmu ganga ba ta buɗe baki sai da abin faɗa. Kowane mahauci da takensa, in aka kaɗa, ko yana bayan rumfa zai ɗago kai don ya san da shi ake. Ɗan dambe ma haka, in aka kaɗa masa takensa tsuma yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya da hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, kalmomin suna fita kamar da baki. Wanda ya san harshen yana iya mayar maka da abin da aka ce daki-daki.

To a wannan faifan wa ake kira? Taken wa ake kaɗawa? Mutum goma a rufaffen ɗaki a Amurka, babu sarki, babu ango, babu ɗan dambe, babu mai ba da kari. Na ji hannaye masu kyau, ban musa ba. Amma abin ya yi mini kama da kasuwa, kowa yana magana ba wanda ake wa.

Maman Fa'iza Kumasi:
Ɗana, ashe ba ka saurari farkon faifan ba? Da addu'a Ilori ya buɗe, ba ta kai minti ɗaya ba, sauran suna amsawa. Ai ka ga akwai wanda aka fara kira.

Jikan Makaɗa:
Na ji ta Mama. Addu'a da baki ya yi ta. Ni gangar nake tambaya.

Ɗan Samaru:
Malam Jikan Makaɗa, za ka yi mamaki in na ce maka Blakey da kansa ya fi kusa da ra'ayinka fiye da na masu yabonsa. Bayan ƙungiyar Billy Eckstine da yake wa kiɗa ta watse a 1947, ya zo Afirka ta Yamma. Ya musulunta, ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina, shi ya sa abokansa suke kiransa Bu, har akwai faifansa mai suna Buhaina's Delight. Mutane suka yi ta yaɗa cewa ya zo koyon ganga ne. Shi kuwa ya sha faɗa cewa addini da hikimar rayuwa suka kawo shi, ba kiɗa ba. Ya kuma fito fili a hirarsa ya ce jazz kiɗan Amurka ne, baƙaƙen Amurka suka ƙirƙire shi daga halin da suka tsinci kansu, kada a jingina shi ga Afirka.

Ke nan bai taɓa cewa shi makaɗin Afirka ne ba. In ka auna faifan da ma'aunin kalangun mahauta dole ya faɗi, amma ba wannan jarrabawar ya zauna ba.

Jikan Makaɗa:
To in haka ne me ya sa ya sa masa suna The African Beat, ya kira taron nasu Afro-Drum Ensemble? Mutum ba zai rubuta kilishi a kan tire ba, in aka ɗanɗana aka ce ba kilishi ba ne, ya ce ai dama bai ce ba.

Ɗan Samaru:
Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan kauce mata ba. Ka dubi lokacin. Ghana ta samu 'yanci a 1957. A 1960 ƙasashe 17 na Afirka suka samu nasu, Nijar a Agusta, Najeriya a Oktoba. Baƙaƙen Amurka a lokacin suna cikin gwagwarmayar neman haƙƙinsu, a wasu jihohin ba su da ikon zama kujera ɗaya da farar fata a gidan abinci. Sai ga su suna ganin baƙaƙen shugabanni suna sauka a New York ana ɗaga musu tuta. Kalmar Afirka ta zama abin alfahari. Kuma kasuwa ma ta buɗe: faifan Babatunde Olatunji, Drums of Passion, ya riga ya fito ya samu karɓuwa ƙwarai. Biyu daga cikin makaɗan Blakey na wannan ranar, Chief Bey da Montego Joe, sun yi kiɗa a faifan Olatunji. Saboda haka sunan yana da alaƙa da zamanin, yana da alaƙa da ciniki, ban ɓoye ba. Sai dai Ilori da James Ola Folami, wani makaɗin faifan wanda shi ma ɗan Najeriya ne, ba aro aka yi ba, kiɗan gidansu suka kawo.

Maman Fa'iza Kumasi:
Nan ne ni kuma nawa ƙorafin yake, ba irin na Jikan Makaɗa ba. Waƙar da ta fi tsawo a faifan, ta fi minti tara, Love, the Mystery Of, ta ɗan Ghana ce, Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba. Haifaffen Accra ne a 1923, ya yi kiɗa tare da E. T. Mensah a ƙungiyar Tempos, ya tafi Amurka, a 1956 ya fitar da Africa Speaks, America Answers. Ku lura da shekarar. Shekara shida kafin Blakey ya shiga ɗakin nan, wannan mutumin ya riga ya kai gangar hammata cikin jazz. Bai samu karɓuwar da ya yi tsammani ba, ya tattara ya dawo gida, ya rasu a 2008.

Yau in ka tambayi masu son jazz, kowa ya san Blakey, kaɗan ne suka san Warren, Ilori kuwa sai wanda ya tona. A jikin kwalin sunan Blakey ne da manyan baƙaƙe. Wanda ya shuka dabam, wanda aka yi wa kirari a masussuka dabam. Wannan yana ci mini rai, ko da yake ina son faifan, kuma in na ji waƙar Warren ɗin nan tsigar jikina tashi take.

Gangar hammatar nan kuma a nan Ghana daga arewa aka fi saninta. Dagomba suna kiranta lunga, makaɗansu su ne masu riƙe tarihin sarakunansu, kamar yadda makaɗan fada suke a ƙasar Hausa. Mu a zango mun tashi muna jin ta a kowane biki.

Baba Mai Garmaho:
Hajiya, gaskiyarki kan Warren, ban da abin cewa. Amma kan Ilori bari in ƙara abu ɗaya don adalci. A shekarar da ta biyo baya, 1963, Blue Note ta ba shi nasa faifan da sunansa, African High Life. Kamfanin da Alfred Lion ya kafa a 1939, wanda bai saba fita daga jazz ba. Ba na jin ƙofar nan za ta buɗe masa in ba don ranar da ya yi da Blakey ba. Kuma a bayan kwalin an rubuta sunan mai kowace waƙa, ba a haɗiye haƙƙin kowa ba.

Maman Fa'iza Kumasi:
Na karɓa Baba. An buɗe masa ƙofa, sau ɗaya.

Sani Mai Shago:
Ni tambayata dabam ce. An ce Blakey ya musulunta, Yusef Lateef ma haka, ga Ahmed Abdul-Malik. Wane irin Musulunci ne? Na taɓa jin cewa ta hanyar Ahmadiyya yawancinsu suka shiga.

Ɗan Samaru:
Haka ne, masu wa'azin Ahmadiyya sun yi tasiri sosai a tsakanin mawaƙan jazz a shekarun 1940 da 1950, kuma Lateef yana cikinsu har ƙarshen rayuwarsa a 2013. Ga mutumin da aka raina saboda launin fatarsa, aka laƙaba masa sunan wanda ya mallaki kakanninsa, addinin da ya ce masa kowa ɗaya ne a sahu ba ƙaramin abu ba ne.

Shugaban Zaure:
Malam Sani an ba ka amsa. Don Allah a tsaya nan, maganar aƙida tana da zaurukanta, nan na kiɗa ne. A ci gaba.

Abba Ɗan Situdiyo:
Na dawo. Sau uku na ji shi. Ni jerin gangunan Turawa nake kaɗawa a wurin biki da situdiyo, don haka kunnena kan Blakey ya tsaya.

Yaya Jikan Makaɗa, akwai abin da nake so ka sake saurara. Blakey yana da wata dabara da aka san shi da ita: yakan danna gwiwar hannunsa a kan fatar ganga yana duka, sai muryar ta hau, ya ɗaga ta sauka. Gangar Turawa ba a yi ta don ta canja murya ba, da ƙusoshi ake ɗaure fatarta, murya ɗaya gare ta. Shi ya ƙi yarda da haka. Abin da kuke yi da tsarkiya da hammata shi yake nema da gwiwar hannu. Bai kai ku ba, ba zai taɓa kai ku ba, don hawa biyu ko uku kawai zai samu. Amma mutumin da yake wannan wahalar ya san cewa ganga tana da baki.

Na biyu, farantan nan biyu da ake takawa da ƙafar hagu. A faya-fayansa na jazz yana datse su a bugu na biyu da na huɗu, caras, caras, ba ya fashi ko sama za ta faɗo. Duk abin da hannayensa suke yi, ƙafar nan tana nan. Aikin kuge ke nan, ko aikin kuntuku a bayan kalangu: ƙaramin da ba ya magana amma in ya kauce kowa ya ɓata. A wannan faifan kuwa akwai kugen gaske, ƙarfe mai baki biyu, a hannun Chief Bey da Montego Joe. Sai na ji kamar an sauke wa Blakey kaya, an karɓi aikin da ya saba yi shi kaɗai da gaɓoɓi huɗu an raba wa mutum bakwai.

Kuma kada mu manta abin ya dawo gida. Tony Allen, makaɗin Fela, ya sha faɗa cewa daga faya-fayan Blakey da na Max Roach, wani gwanin gangar jazz, ya koyi abubuwa da yawa, ya kuma ambaci Guy Warren. A 2017, shekara uku kafin rasuwarsa, ya fitar da ɗan faifai na girmama Blakey, a Blue Note ɗin dai. Duk wani yaro da ke kaɗa jerin ganguna a Legas ko Kano yau, ya sani ko bai sani ba, akwai ɗan hannun Blakey a nasa.

Jikan Makaɗa:
Ƙanina, maganar gwiwar hannun nan ban san ta ba, na ƙaru. Amma hawa da sauka ba shi ne magana ba. Jariri ma muryarsa tana hawa tana sauka.

Abba Ɗan Situdiyo:
Haka ne Yaya. Amma Turanci ba harshe ne mai karin sauti irin Hausa da Yarabanci ba, ko ya so gangarsa ta faɗi kalma ba ta da kalmar da za ta kwaikwaya. Abin da ya rage masa shi ne kira da amsa, kuma wannan ya iya shi.

Na Damagaram:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun safe. Ni abin da ya tsaya mini shi ne kalmar Afirka ɗin kanta. Sunayen waƙoƙin ku duba: Ife L'ayo, Ero Ti Nr'Ojeje, Tobi Ilu. Yarabanci ne ya cika faifan, sai ɗan ƙamshin kiɗan haylayif na bakin teku, kamar a Ayiko Ayiko. Babu Hausa, babu Barebari, babu Zabarma, babu Buzaye. Wanda ya saya a Amurka a 1962 zai ɗauka ya ji Afirka ke nan. Alhali ko tsakanin Damagaram da Katsina kiɗan fada ba ɗaya ba ne. Wannan ɗabi'ar ta dunƙule mu wuri ɗaya har yau ba ta mutu ba.

Ɗan Samaru:
Malam, ƙorafinka daidai ne, amma akwai ci gaban labarin da zai faranta maka. A cikin mutum goman nan akwai wanda bai tsaya ga dunƙulen ba. Yusef Lateef, wanda a faifan ya busa sarewa da saksafon da obo da ƙahon saniya, ya kuma kaɗa agidigo, bayan shekara kusan ashirin ya tattaro ya zo Zariya. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya. Abin da ya fi mayar da hankali a kai sarewar Fulani ce. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa, ya fito a 1987. Ya kuma ɗauki faifai a Legas a 1983 mai suna In Nigeria. Ni na shiga Samaru bayan tafiyarsa da daɗewa, a ɗakin karatu na ci karo da sunansa, na yi ta mamakin abin da ya kawo Ba'amurke cikin maganar kalangu da algaita.

To in na saurari The African Beat yanzu, ina jin mutumin da ya fara tambaya a 1962, bai samu cikakkiyar amsa a New Jersey ba, ya biyo ta har Zazzau. Ku saurari obo ɗinsa a waƙar Warren. Obo da algaita 'yan gida ɗaya ne, dukansu da ɗan kara mai harshe biyu ake busa su. Ban ce algaita yake kwaikwayo ba, amma kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba.

Na Damagaram:
Wallahi ban san wannan ba. Shekara huɗu a Zariya! To shi na cire shi daga zargi. Sauran tara suna nan.

Maman Fa'iza Kumasi:
Ka cire Ilori da Folami ma, Malam, su ba su dunƙule kowa ba, abin da uwarsu ta haife su a ciki suka kaɗa. Bayarabe ba zai kaɗa maka taken Sarkin Damagaram ba.

Baba Mai Garmaho:
Alhamdu lillahi, zaure ya yi albarka. Bari in faɗi abin da ya sa faifan nan ya riƙe ni, don har yanzu ban faɗa ba.

Wannan ba shi ne karon farko da Blakey ya tara makaɗa ba. A 1957 ya yi irin wannan taron, ya kawo manyan masu jerin ganguna irin su Jo Jones da Art Taylor, ya haɗa su da masu konga irin su Sabu Martinez da Patato Valdes ɗan Kyuba. A 1958 ya sake, da Holiday for Skins. Ina da su, ina jin su. Amma waɗancan fage ne na gwada ƙwanji. Wannan ya yi aradu, wancan ya mayar masa, kai mai sauraro ka gaji kafin su gaji. Blakey kuwa a fagen ƙarfi ba a kayar da shi. Mutum ne da in ya yi birgimar nan tasa da sanduna a kan ƙaramar ganga, tana tasowa daga ƙasa kamar hadari, mai busa ko bai shirya ba sai ya tashi.

To wannan mutumin, mai wannan ƙarfin, shi ne a 1962 ya ja da baya. Waƙa bakwai ne a faifan, babu tasa ko ɗaya. Huɗu na Ilori ne in ka haɗa da addu'ar, ɗaya ta Warren, ɗaya ta Garvin Masseaux, shi ma cikin makaɗan ranar, ɗaya ta Chief Bey. Akwai wurare masu tsawo da za ka nemi shi ka rasa, sai ka kasa kunne sosai ka ji yana can ƙasa yana riƙe da su. In lokacinsa ya zo ya shigo, kuma in ya shigo ba ya kwaikwayon Ilori, kukan gidansu yake yi, na Pittsburgh da New York. Ya gama ya koma ya ba da wuri.

Ɗana Jikan Makaɗa, kai ka fi ni sanin cewa a cikin makaɗa abin da ya fi wuya ba duka ba ne, sanin lokacin da za ka ɗauke hannu ne. Na ga manyan makaɗa da ba su iya zama a bayan kowa ba ko na minti ɗaya. Mai gida ne ya kira baƙi, ya shimfiɗa musu tabarma a tsakar ɗakinsa, ya zauna bakin ƙofa yana sauraro. Ka ce ba wanda ake kira. Ni a jina junansu suke kira. Mutanen da teku ya raba kakanninsu shekaru ɗaruruwa, ga su a ɗaki ɗaya, ba su da harshe ɗaya, kowa yana gwada ko ɗan uwansa zai gane shi. Wani wuri sun gane juna, wani wuri sun saɓa, kuma ana jin saɓanin, ba a goge shi ba. Ni wannan ne yake sa ni sake juya faifan.

Jikan Makaɗa:
Baba, maganarka ta yi nauyi, ba zan amsa da gaggawa ba. Gobe Juma'a zan je gida. Kawuna yana nan da ransa, ya haura saba'in, tun yana yaro yake rataye da kalangu. Bai san Blakey ba, bai san jazz ba, ba ya jin Turanci ko Yarabanci. Zan sa masa ba tare da na gaya masa komai ba. Abin da ya ce zan kawo muku, ko ya goyi bayana ko ya kayar da ni.

Abba Ɗan Situdiyo:
Yaya don Allah kada ka sa masa a lasifikar waya, ba za a ji bes da manyan gangunan ba. Ka nemi rediyo mai ɗan girma.

Jikan Makaɗa:
Salamu alaikum. Na dawo, ga yadda aka yi. Na ari lasifika a wurin maƙwabci kamar yadda Abba ya ce. Bayan la'asar muna zaune a zaure na sa.

Da aka yi addu'ar farko ya cire hularsa ya mayar, ya ce ko ba ka jin harshe ka san roƙo. Waƙa ta biyu bai ce komai ba, sai yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Can ya ce in tsayar. Ya ce akwai mai gangar hammata a ciki, kuma ba ɗan koyo ba ne, hannun gado ne. Na ce me yake faɗa? Ya ce yaya zan sani, ba da Hausa yake yi ba, amma magana yake, ka ji yadda yake yanke ta yana ajiye numfashi. Ke nan a kan Ilori na faɗi, na karɓa. Gangarsa tana magana, ni ne ba na jin harshen.

Sai na tambaye shi wane ne shugabansu. Ya ce in mayar baya. Ya saurara har wajen minti goma. Ya ce mai gangar badujalar nan ne, wanda yake shigowa da farantai. Na ce ta yaya ka sani, alhali ba shi ya fi kowa duka ba? Ya ce in ya motsa duk sai su gyara zama.

Amma Baba, kada ka yi murna da yawa, don bai ba ka duka ba. Da na ce to shi wannan shugaban gangarsa tana magana? Ya girgiza kai. Ya ce a'a, wannan ba magana yake ba, kora yake yi, kamar mai kora garke, ya san inda yake so su bi. Ya ce gwani ne, amma in aka kawo shi rumfar mahauta ba wanda zai ɗago kai. Ya kuma ce gangunan sun yi yawa a wasu wuraren, mutum uku za su iya abin da bakwai suke yi.

Da aka zo waƙar nan mai tsawo ya tambaye ni ko mai algaitar Bahaushe ne. Na ce a'a, Ba'amurke ne, amma ya zauna Zariya daga baya. Ya ce a sake sa masa ita. Sau uku muka ji ta kafin kiran magariba.

Baba Mai Garmaho:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana. Ka gaishe shi ƙwarai, ka ce na karɓi gyaran kora da magana. Kan yawan gangunan ne ban yarda ba tukuna, sai na sake ji da kunnen ƙirga.

Maman Fa'iza Kumasi:
Ɗana, in za ka koma ka tafi masa da na Guy Warren na 1956. Ina so in ji abin da zai ce kan hannun ɗan Accra.

Na Damagaram:
Ɗan Samaru, littafin nan na Lateef da Kofoworola, ana samunsa a kasuwa ko sai a ɗakin karatu? Ina da ɗan uwa da zai shiga Zariya wata mai zuwa.

Ɗan Samaru:
A ɗakin karatu na gan shi, ban taɓa ganinsa a shago ba. Ka turo mini saƙo ta gefe, in ɗan uwan naka ya iso sai in kwatanta masa inda zai tambaya.